Battar Da Ta Fitar Da Ni Cikin Takaba

Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, wata na uku ke nan cikin takabar babanku, sai Bilkisu ta yi sallama. Wasunku ba su san ta ba. Ita ce mai rubuta wa baƙi wuraren da ya kamata su leƙa idan sun shigo Zamfara, tana sawa a intanet da hotuna: gidajen da ake ajiye kayan tarihi, da maƙera, da tsofaffin shagunan masu maganin gargajiya. Tun Malam yana da rai ta sa shagonsa na tsohuwar kasuwar Gusau a cikin waɗanda ta zaɓa. Ta rubuta cewa baƙo ya je da hantsi, kafin kasuwa ta cika, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi kimba da kanumfari da tazargade tukuna, sannan ya shiga. Malam yana tsokanarta, wai ita kaɗai ce take zuwa masa kullum ba ta da ciwon komai sai na ɗaukar hoto.

Bayan rasuwarsa ba wanda zai riƙe shagon. Sanusi yana aikin ofis, sauranku kuna garuruwan aure da na nema. Saiwoyi da sassaƙe da kayan yaji aka bar wa maƙwabtansa na kasuwa. Tsohuwar kantar da ya gada wajen mahaifinsa kuwa, da gorunanta da tandunanta da ƙulle-ƙullenta, Bilkisu ta ba da shawara a kai ta Tsafe, inda wani tsohon hedimasta ya ware ɗakuna biyu a gidansa yana tara kayan mutanen da, mutane suna zuwa kallo. Wan babanku, Alhaji Mamman, ya yarda. Ni ma an tambaye ni, na ce to. Ranar nan abin da ya kawo ta ke nan, ta nuna mini yadda kantar ta zauna a sabon wurinta, ko zuciyata ta yi sanyi.

Ta fara nuna mini na Tsafe. An share kantar, an jera komai yadda Malam yake jerawa, an rubuta sunansa a jikin wani katako. Sannan ta ja yatsa ta kawo tsohon hoton da ta ɗauka a shago 'yan watanni kafin ya kwanta. Ga shi zaune a kan buzunsa, hula ta karkace, yana hararar wayar kamar ta ci masa bashi. Na daɗe ina kallon fuskarsa. Da idona ya bar fuskar, sai ya sauka a bayan kafaɗarsa, a kan katakon sama, inda batta biyu suke jingine da juna. Na ce ta mayar da ni hoton Tsafe. A can batta ɗaya ce.

Dole in tsaya nan in faɗa muku abin da ba ku sani ba. Battocin nan biyu baduku ɗaya ya yi su, fata ɗaya, zane ɗaya, murfi iri ɗaya. A ɗaya Malam yake zuba garin taba don tsofaffin da suke zama a bakin shago, shi kansa ba ya sha. Ɗayar kuma da can ita ma ta taba ce, amma shekaru masu yawa da suka wuce, tun Sanusi yana goye, wani maharbi daga duwatsun wajen Tsafe ya sa Malam ya haɗa masa dafin kibiya na tsiron kwankwani, irin wanda surukina yake haɗa wa maharba a zamaninsa. Malam ya haɗa, ya zuba a battar don kada danshi ya taɓa shi. Maharbin bai dawo ba, daga baya aka ji ya rasu. Malam ya kawo battar gida a ɓoye, ya sa na narka kakin zuma na toshe bakinta, na danne da babban yatsana, muka mayar da murfi. Ya ce in ya je gona Wanke zai binne ta. Ni na ɗauka ya binne tun wancan ƙarni. Ashe mayar da ita shago ya yi, ya ɗora a sama inda hannu ba ya kaiwa. Na san halinsa. Abin da aka ba shi ajiya, ko mai shi ya mutu, hannunsa ba ya iya zubarwa.

Ban yi wa Bilkisu ihu ba. Na ture farantin shinkafa gefe, na ce ta kira mini hedimastan nan yanzu. Da ya ɗauka na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na roƙe shi ya ɗauko battar da ke kan kanta ya zare murfin a hankali, kada ya kai hanci, ya faɗa mini abin da ya gani. Muka ji takunsa, muka ji ƙarar ƙofa. Sai ya ce bakin a buɗe yake, garin taba ne ya kai rabi, har ya fara dunƙulewa. Na tambaye shi ko akwai kaki, ko alamarsa. Ya ce babu.

Ta taba ce a Tsafe. To, ɗayar tana ina?

Aka kira Sanusi daga wajen aiki. Ya shigo yana tambayar ko jikina ne. Da na tambaye shi batta, sai ya yi murmushi, don a ganinsa abin kirki ya yi, kuma abin kirkin ne. Ya ce ranar da suke kwashe kanta Jauro ya zo. Jauro kun san shi, Bafulatanin nan na wajen Bungudu da yake zuwa shagon babanku duk ranar da ya shigo gari, su zauna su yi ta gardama a kan maganin shanu, wanda matarsa Dije take kawo mana nono da man shanu tun kuna ƙanana. Sanusi ya ce tsohon ya tsaya yana kallon ana fitar da kaya, sai da za a ɗaure kantar a mota ya ce a ba shi wani abu na abokinsa da zai riƙa gani. Sanusi ya duba, ya ga batta biyu, ya tuna Jauro mashayin taba ne, ya miƙa masa ɗaya.

"Inna, mi ya hwaru? Taba ce fa."

Na faɗa masa abin da ke ciki. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sake haka ba. Ya ce ai in Jauro ya ga kaki zai gane ba taba ba ce. Na ce a'a, don babanku yakan toshe taba mai kyau da kaki in yana son ta daɗe, kuma Jauro ya san haka. Kakin ma zai sa ya ɗauka ta musamman ce. Warin taba bai bar fatar ba, garin kuma launinsu kusan ɗaya. Jauro ba ya riƙe waya. An fi wata da ba shi battar. Abin da kawai na riƙe shi ne, da wani abu ya same shi, da labari ya iso mu. Amma wa ya sani ko yau ne zai buɗe, ko gobe, ko ya miƙa wa wani baƙo don karramawa?

Sanusi ya hau babur ya nufi Bungudu a lokacin. Ya dawo gab da magariba, hannu rabbana. Rugar da ya sani an tashi, sai turaku da busasshen kashin shanu. Ya tambaya a kasuwa, ya tambaya a tasha, ya tambayi matan da suke sayar da nono. Kowa ya ce bai san wani Jauro ba. Wata ma ta ce masa ba ta jin Hausa, alhali ya ji ta tana ciniki da ita. Ban ga laifinsu ba. Kun san shekarun da muke ciki. Saurayi baƙo a kan babur yana tambayar inda mai shanu ya koma da garkensa, ko uwarsa ce ta aiko shi ba wanda zai nuna masa hanya.

Na san mutum ɗaya da za ta faɗa mana inda yake. Hajjo, ƙanwar Dije, tana zama da ƙoranta a kasuwar Bungudu. Ta sha kwana a ɗakina lokacin da ɗanta yake kwance a asibiti a nan Gusau. Amma Hajjo ba ta san Sanusi da gemu ba, kuma ba za ta yarda da murya a waya ba. Sai in ta ga idona.

Da safe na aika aka kira Alhaji Mamman. Ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki bayan labule. Ina so ku fahimci baffanku, don na ji wasunku suna maganarsa da zafi. Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu, shi da Malam, kuma shi ne babba. Bai taɓa zaton shi zai wanke ƙaninsa ba. Tun da aka yi rasuwar, kullum sai ya biyo ya tambaya ko akwai abin da ya ƙare a gidan, don kada wata buƙata ta fitar da ni. A wajensa takabata ita ce abu na ƙarshe da ake yi wa ɗan'uwansa a duniya, yana son a yi shi cikakke. Ya saurare ni har na gama. Ya ce a sake tura Sanusi da wani dattijo. Na ce za su dawo kamar jiya. Ya ce a tura matarsa. Na ce Hajjo ba ta san ta ba. Ina jin ƙarar carbinsa.

"Ramatu, abin da ya rage miki kaɗan ne. Ki bar ƙanena ya samu wanga cikakke."

Na ce, "Yaya Alhaji, in Jauro ya mutu da abin da Malam ya haɗa da hannunsa, ni kuma na toshe da nawa, wa za a tambaya?"

Ya juya ya fita. Ya tafi wajen limamin unguwa da kansa, ya dawo ya ce liman ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, amma ta kwana a ɗakin mijinta. Ya maimaita mini ƙarshen sau biyu, cewa in kwana a ɗakina. Na ce to. Da zuciya ɗaya na faɗa, don Bungudu ba nisa.

Rabona da ƙetare zauren nan tun ranar da aka fita da babanku. Na sa hijabin da nake salla da shi, ba kwalli, ba ɗan kunne, ba turare. Hasken waje ya yi mini yawa. A mota na zauna a gefen taga, Sanusi ya tsare ni daga ɗaya gefen, ina kallon gero ya yi kai a gonaki, ina mamakin ashe damina ta yi nisa haka ban sani ba.

Mun sami Hajjo a gindin bishiyar da take zama, tana dama wa wani fura. Ta ɗago ta gan ni, ludayin ya tsaya a hannunta. Ta dubi kunnena, ta dubi idona. Ba ta gaishe ni ba ma, ta ce, "Ke da ke takaba?" Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata a kunne. Ta rufe ƙwaryar, ta ce wa mai furar ya sha ya ajiye kuɗin wajen maƙwabciyarta. Ta dubi Sanusi sama da ƙasa, ta ce ashe wannan ne ya zo jiya yana ta zare ido kamar ɗan sanda, ai da ya ce shi ne mai fitsarin kwancen nan na gidan Malam da ta gane shi. Sanusi ya sunkuyar da kai, ni kuwa dariya ta kuɓuce mini, karo na farko tun rasuwa. Ta ce za ta sa 'ya'yanta biyu su kai mu a babur, amma da sharaɗi: Sanusi ya bar wayarsa a wajenta. Ba don ba ta yarda da mu ba, haka mazan rugar suka yanke, baƙo ba ya shiga da waya. Muka bari. Ba mu yi tunanin kiran gida tukuna ba, don a zatonmu kafin la'asar mun juyo.

Tafiyar ta fi yadda na zata. Muka bar kwalta, muka bi ta cikin dawa da gero, muka ƙetare wata ƙorama da ruwanta bai wuce idon sawu ba, muka hau tudu. Duk hanya abu ɗaya nake saurare, ko zan ji kukan mata daga nesa. Da muka hango bukkoki, na ga yara suna bin maraƙi, wata tana daka, hayaƙi yana tashi yadda ya saba. Sai na hango Jauro a gindin marke yana tufkar igiya, ya rame, yana tari, amma shi ne.

Kun san gaisuwarsu ba a yanke ta. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma nesa da shi kaɗan, ya kau da kai, ya yi mini ta'aziyya kamar yau aka yi rasuwar. Ya tambayi kowannenku da suna. Dije ta fito ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Na daure har ya kai aya, sannan na ce battar da Sanusi ya ba shi ce ta kawo ni, ina son in gan ta.

Sai tsohon ya sunkuyar da kai ya ci gaba da murza igiya. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa gaishe ni. Battar abokinsa ta ɓace tun daren da ya kawo ta gida. Ya sa ta a aljihun rigarsa ya rataye, da safe babu. Ya zazzage bukka, ya tuhumi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, har ɗan autan ya sha bulala a banza. Da za su tashi daga tsohuwar ruga ya sake dubawa, bai gani ba.

Da ya ambaci jikoki, na dubi yaran da suke tsaye suna kallonmu, na tuna yadda yaro yake kai komai baki. Na buɗe baki in faɗi abin da ke ciki, sai na ji hannun Dije yana rawa a cikin nawa. Na waiwaya, ta rufe baki da gefen zane, dariya take.

"Ba ta ɓace ba," in ji ta. "Ni na ɗauke."

Jauro ya saki igiyar.

Ta ce likita a Bungudu ya gaya masa a gabanta, in bai bar taba ba ƙirjin nan zai kai shi, shi kuma ya dawo daga Gusau da batta guda cike yana lallaɓa ta kamar jariri. Ta jira ya yi barci ta zare.

"Shekara nawa ina kwana da ɓarauniya ban sani ba," in ji Jauro.

"Tabar da hancin nan naka ya ci ta isa a yi wa gona taki. Ka gode mini."

"Kika bari na bugi yaro."

"Wannan dai bulalar ya daɗe yana nemanta."

Ta shiga bukka, na bi ta. A kan gadon karan da take jera ƙoranta na ado, waɗanda ba a taɓa sa musu nono, ta sauke su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga babbar da ke ƙasa. A ciki, naɗe da tsumma, ga batta. Na karɓa na fito da ita haske. Sanusi ya riƙe mini gindin, na zare murfin. Kakin yana nan, ya yi baƙi don tsufa, bai tsage ko kaɗan ba. A tsakiyarsa ga shatin babban yatsana.

Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Tun ranar rasuwa ban yi kuka a gaban mutane ba, mata suna ta yaba haƙurina. Ranar nan a tsakiyar ruga, gaban maza da yara, na yi shi har ya ishe ni, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Sanusi ne ya yi musu bayani. Da ya gama, dariyar Dije ta ɗauke. A hankali ta ce niyyarta in Salla ta zo ta ba wanta, don shi ma yana sha kuma ƙirjinsa lafiya lau. Jauro ya ce shi a hanyar dawowa daga Gusau ya zare murfin ya ga kaki, har ya sa farce, sai ya ce a'a, tabar Malam ba a shanta a tsaye a tasha, bari ya kai gida ya kira dattawa su taya shi. Ya daɗe yana kallon matarsa, sannan ya yi mata wata magana da Fulatanci. Ban ji ba, amma ta juya baya ta shiga jera ƙoran da ba su buƙatar jeri.

Jauro ya so a zubar da garin a ba shi fatar. Na ce a'a, gaba ɗaya za ta tafi. Ya ɗauki gatari da kansa, ya ƙi bari samari su karɓa, muka hau can bayan tudu, nesa da ruwa da makiyaya. Ya haƙa rami har ya nutse zuwa ƙugu, yana yi yana tari yana hutawa. Sanusi ya sa battar, aka mayar da ƙasa, aka jibga duwatsu. Jauro ya ɗaga hannu ya yi wa abokinsa addu'a, muka shafa.

Muna saukowa hadari ya haɗu. Ruwan da aka yi bai daɗe ba, amma daga sama aka fi yinsa, don da muka isa ƙoramar nan ta cika ta batse, tana jan itatuwa. 'Ya'yan Hajjo suka ce ko saniya ba ta shiga. Muka tsaya a bakinta muna jira ta ja, rana tana sauka. Na tuna abin da na ce wa Alhaji a bayan labule. Na tambaya ko akwai wata hanya, suka ce akwai ta zagaye, amma ba mai binta bayan la'asar a wannan zamani. Haka muka koma. A bukkar Dije na kwana, ba a ɗakin babanku ba. Wannan gaskiya ne, ban taɓa musunsa ba.

Sai da hantsi muka ƙetare. A Bungudu Hajjo ta miƙo wayar, ta ce tun jiya take kuka har ta mutu. Da muka iso gida na tarar da maza cike da ƙofa. Alhaji Mamman bai runtsa ba. Mace da ɗanta sun fita da safe sun nufi daji, waya ba a ɗauka, dare ya yi, kun san abin da kowa zai kawo a ransa. An ce har ya fara tambayar wa zai sayi gonarsa ta Wanke in aka kira neman kuɗin fansa. Mutane suka watse suna barka, ya rage shi kaɗai a zaure. Na tsaya daga ciki. Ya tambaya ko an same ta. Na ce an same ta, ba a buɗe ba, an binne. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi. Na ji ya tashi yana laluben takalmi.

"Amma kin ce mini to," in ji shi, ya fita.

Liman ya ce abin da ruwa ya hana ba laifina ba ne, in ci gaba da lissafina daga inda yake. Amma Alhaji bai sake biyowa ba har na gama. Hatsi yana zuwa, itace yana zuwa, shi ne dai ba ya zuwa. A cikin mata kuma magana ta yaɗu cewa an ga matar Malam a kasuwar Bungudu cikin takaba tana dariya da 'yan nono, kuma ta kwana a waje. Duk abin da suka faɗa ya faru, sai dai sun bar tsakiyarsa. Ban bi gida gida ina gyarawa ba, don gyaran yana nufin in ce babanku ya ajiye dafi a shagon da mutane suke sayen maganin yara, kuma a lokacin bakina ba ya iya faɗin haka. Wannan rabin labarin ne ya iso kunnen wasunku a garuruwanku, shi ya sa na rubuta muku cikakkensa. Ranar da na fita takaba Alhaji ya aiko matarsa da turmin atamfa da turare. Yanzu muna gaisawa, yana zuwa suna da biki, ya tambayi ƙafata in tambayi idonsa. Maganar ranar nan dai ba mu taɓa tayar da ita ba. Ba na riƙe da shi, kuma ina jin shi ma haka.

Jauro bai tashi a banza ba. Da hedimasta ya ji yadda aka yi, ya zazzage tabar da ke cikin tasa battar ya ba Bilkisu ta kawo, muka aika ta hannun Hajjo. An ce Dije ta wanke ta da toka har sau ba adadi kafin ta miƙa masa, yanzu kanwa yake zubawa a ciki. Ya rayu ya ga auren jikokinsa biyu, cikinsu har da wanda ya sha bulala. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji numfashina ya sauka.

Bilkisu ta zo tana ba ni haƙuri, wai ita ta jawo. Na ce da ba don hotonta ba, da har yau ina zaune ina zaton an binne abin nan a Wanke. Ta gyara rubutunta. Har yanzu tana tura baƙi Tsafe su ga kantar, amma ta ƙara cewa abin kallo ne, kada kowa ya buɗe ko ya shinshina, ta kuma je wajen sauran tsofaffin masu magani da ta zaɓa ta roƙe su su duba saman kantocinsu tun suna da rai. Hedimasta ya sa kafinta ya yi wa tamu kantar ƙofar gilas da kwaɗo, makullin yana aljihunsa.

Ya aiko mini da saƙo ta bakinta, cewa in na samu hali in je in zauna da shi mu bi gorunan da tandunan ɗaya bayan ɗaya, in faɗa masa abin da ke cikin kowanne, na ajiyewa a ajiye, na binnewa a binne. Waɗanda suke katakon ƙasa na san yawancinsu, ni nake daka su. Na sama kuwa akwai waɗanda tun na surukina ne, ban taɓa ganin an sauke su ba, kuma Malam bai taɓa gaya mini ba. Na ce zan je in an sha iska. Hanya ta lalace, ta gyaru, ƙafata ta kama, Sanusi ya sa rana aiki ya hana shi. Har yau ban je Tsafe ba, kuma ba wanda ya buɗe katakon sama.